Kwana Biyu da Maganin Ɗiyata a Aljihuna

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin gini a Tamanrasset, garin nan na tsakiyar hamada can arewa da ƙasarmu, kuma yawancin abin da ya same ni a cikinsu ya bi iska. Na manta yawan gidajen da na ɗora wa bulo, na manta fuskokin mutane da dama da muka ci abinci a kwano ɗaya. Amma akwai wasu kwana biyu da na tabbata ba za su fita raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Su ne kwana biyun da na yi ina yawo da maganin ɗiyata a aljihun riga, ita kuwa tana gida ba ta sha ba. Ba wanda ya sa ni. Da hankalina na yi, ina ganin gata nake yi mata.

A lokacin muna zaune a unguwar Tahaggart, ni da matata da jinjirar, a ɗaki guda cikin wani gida da ba a gama ba. Ni ne maginin, ni ne kuma mai gadi. Mai gidan ya ce mu zauna har ranar da za a sa ƙofofi. Wutar lantarki waya ce aka jawo daga gidan maƙwabci, in ya yi tafiya ya kashe, ta tafi tare da shi. Yarinyar ita ce ta farko da ta tsaya mana bayan matata ta yi ɓari sau biyu, ni kuma na haura arba'in.

Tana wata biyar abin ya fara. In ta farka daga barci sai ta dunƙule farat ɗaya, kanta ya faɗo gaba, hannuwa su buɗe kamar za ta rungumi wani, sannan ta saki. Kafin ka ce mene ne, ta sake. Takan yi haka sau goma ko fiye a jere, ta yi ɗan kuka, shi ke nan ya wuce. Matan unguwa 'yan ƙasarmu suka ce murɗar ciki ce, kowane jariri yana yi. Aka ba ta jiƙe-jiƙe. Ni ma na yarda, don ba zazzaɓi, ba gudawa, tana shan nono. Matata ce ba ta yarda ba. Wata rana na dawo daga cuɗa siminti ta ce, "Maigida, yarinyar nan ta daina yi mini dariya. Ina kiran ta tana kallon bango." Ta riga ta ɗauki abin a waya sau uku ban sani ba.

Muka je asibiti. A nan sai in faɗi wani abu game da kaina. Larabcina na wurin gini ne: na san yashi, ruwa, kawo, ɗaga, gobe. Karatu kuwa a lokacin ban iya ko harafi ɗaya ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Kuma ba ni da takardar zama. Wanda ba shi da takarda a garin nan yana da wata ɗabi'a da yake koya tun makon farko: ko ofis ne, ko asibiti, ko gaban jandarma, ka sunkuyar da kai, ka ce to, ka karɓi abin da aka miƙo maka, ka fita kafin a tuna da kai. Na daɗe da ƙwarewa a wannan.

Likitar yara mace ce, 'yar can bakin teku, ba ta kai matata shekaru ba. Ta kalli hoton wayar sau biyu, fuskarta ta sauya. Ta sa aka liƙa wa yarinyar wasu 'yan wayoyi a kai, na'ura ta yi ta zane. Daga nan ta zaunar da mu ta yi magana mai tsawo. Abin da na tsinta shi ne, wata irin farfaɗiya ce ta jarirai, kuma kowace rana da aka bari tana taɓa ƙwaƙwalwa. Na kuma tsinci cewa magani iri biyu ne, akwai allura akwai ƙwaya. Sai ta tambaye ni ina muke zaune. Na faɗa. Kuna da firigo, wato firij? Na ce babu. Wuta tana zama? Na ce tana zuwa tana tafiya. Ta gyaɗa kai, ta jawo takarda, ta rubuta ƙwaya.

Da ta ga ba ma karanta takardar, sai ta ɗaura mana shan maganin da lokutan salla: asuba, azahar, magariba, da kafin a kwanta. A narka a cokali da ruwa kaɗan. Ta ɗaga yatsa ta maimaita abu ɗaya har sau uku, wannan kam na ji shi sarai: kada a tsallake, kada a daina sai ita ta ce. Aka riƙe yarinyar da uwarta kwana biyu, aka sallame su, aka ce mu riƙa zuwa sau biyu a mako ana awon jininta.

Na fito da ƙwayar a hannu. A ƙauyenmu can Damagaram, in mutum ya je likita ya dawo ba a yi masa allura ba, cewa ake yi ba a duba shi ba. Mahaifina yakan yi tafiyar wuni guda a ƙasa don allura ɗaya, in aka ba shi ƙwaya ya dawo yana faɗa, ya ce sun ga shi talaka ne. Da wannan na tashi. To ga shi an ce akwai allura, an tambaye ni firigo, na ce babu, an ba ni ƙwaya. Ni a wurina lissafin ya fito: ta auna ni ta ga ban kai ba. Ban tambaye ta dalili ba. Na ce shukran, na fita.

Ƙwayar ta fara aiki, ko da yake a lokacin ban ba ta wannan shaidar ba. Yarinyar ta zama mai yawan kuka da yawan ci, kumatunta suka cika kamar an hura. Zaburar da take yi sau biyar ko shida a wuni ta koma sau ɗaya, wata rana sau biyu. Matata tana lissafin waɗanda suka tafi, ni ina lissafin wanda ya rage.

Ranar awo ta biyu na haɗu da wani mutumin garin Abalessa. Muna zaune a inuwar katangar asibiti, mata suna ciki da yara, ya ji ina amsa waya da Hausa sai ya juyo. Buzu ne, ɗan ƙasa, mai garka, wato lambun dabino da albasa, dogo, da rawani shuɗi. Uwarsa 'yar Agadas ce, don haka Hausa a bakinsa tun yana yaro.

"Daga ina, Bahaushe?"

"Damagaram."

"Allah sarki. Ku ne masu gina mana gidajen da ba za mu iya kwana ciki ba don zafi."

"Ku kuma ku ne masu sayen gida ku kafa tanti a tsakar gida."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya fito da 'yar butar shayi da gawayi daga jaka, kamar dama jiran wani yake. Kafin mu sha kofi na biyu mun gano ciwo ɗaya ne ya kawo mu. Ɗansa ya girmi ɗiyata da wata biyu, irin dunƙulewar nan, irin daina dariyar nan. Na tambaye shi ya jikin yaron. Ya ce alhamdu lillahi, yau kwana huɗu bai yi ko sau ɗaya ba.

"Ƙwayar ce ta yi masa haka?"

"Allura," in ji shi. Ya nuna wani ɗan akwatin sanyi kusa da ƙafarsa. A asibitin nan yake karɓar kwalaben, ya kai su firigon ƙaramin asibitin garinsu, ana yi wa yaron a cinya, yau a yi gobe a huta.

Na shanye shayina. Washegari a wurin gini na ba abokan aiki labari. Wani ɗan Maraɗi da ke miƙo mini bulo ya ce, "To kai me kake tsammani? Ɗan ƙasa allura, baƙo ƙwaya. Yau ka zo garin?" Kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya taɓa ganin irin ciwon a cikinsu, amma kowa ya taɓa tsayawa a layi aka tsallake shi. Ba ƙarya suke yi ba game da layin. Shi ya sa maganar ta zauna mini daram.

Ranar awo ta gaba, kwana goma sha ɗaya ke nan da fara ƙwayar, na sake samun mutumin a inuwar nan da butarsa. A ranar yarinyar ta yi zabura da asuba, mai tsawo, raina a ɓace yake. Ya lura. Na faɗa masa abin da ke cikina duka, har da maganar firigo. Ya yi ta juya shayi daga kofi zuwa kofi. Sai ya buɗe akwatin sanyin, ya ciro kwalabe biyu ƙanana, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, ya sa mini a tafin hannu ya rufe da nasa.

Na ce a'a, na ɗanka ne.

Ya ce, "Nawa ya warke, waɗannan ragowa ne. Mu a daji in ka tarar da mutum salkar ruwansa ta bushe taka da ruwa, ba ka tambayar sa takarda. Karɓi, Badamagare, kada ka ba ni kunya."

Har yau ban ga laifinsa ba. Abin da ya sani na alheri shi ya yi. Ni ma abin da na sani na yi. Na naɗe kwalaben a tsumma, na jiƙa buhu na lulluɓe su kamar yadda muke yi wa jarkar ruwa a wurin gini, na rataye a taga inda iska ke bi. A ganina na yi firigo.

Saura mai yin allurar. Akwai wani mai shago ɗan ƙasarmu a kasuwa, wanda ya taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti can gida kafin ya shiga fatauci. Shi ke yi wa leburori allura a bayan shago in zazzaɓi ya kama su. Na je aka ce ya tafi ɗauko kaya, sai jibi da safe. Na ce ba komai, jibi kamar yau ne.

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne. Mu a gida, in za ka koma wurin wani mai magani, sai ka ajiye na farko tukuna, ka bar ciki ya huta, don an ce magani biyu ba sa zama a jiki ɗaya, ɗaya yana karya ɗaya. Na ga an yi haka da sassaƙe da saiwa tun ina yaro. Sai na ga ai kwana biyun nan ma sun zo daidai: a bar jikinta ya wanke daga ƙwaya, allura ta tarar da wuri a share.

Da magariba ta yi matata ta ɗauko cokali. Na ce ta bari. Na yi mata bayani a natse, don ni ba mai faɗa ba ne. Ta saurara har na gama.

"Maigida, likita ta ce kada a tsallake."

"Likita ta ba mu na talakawa. Ga na gaske can a taga."

"Na talakawan ne ya rage mata abin. Ni ke tare da ita wuni, ni na gani."

"Ya rage, bai kashe ba. Na Buzun nan ya kashe."

Ta ce, "To a bari jibi mu tambaye ta mana."

Na ce in muka tambaya za a ce ina muka samu, a jawo wa bawan Allah magana, mu kuma a tuna ba mu da takarda. Wannan ya rufe mata baki, don tsoron da nake ji ita ma tana jin sa. Amma na san halinta, na san in na fita za ta ba ta. Sai na ɗauke ƙwayoyin daga kan taga na sa a aljihun rigata. Ta bi hannuna da kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai ne ubanta."

Washegari na tafi aiki da su. Duk lokacin da na sunkuya in ɗebi kwaɓi sai in ji ledarsu ta yi ƙara a ƙirjina. Da na dawo da azahar na tarar yarinyar ta yi shiru, kukan nan da ya hana mu sakat kwana goma ya tsaya. Na ce wa matata, "Kin gani? Jikinta ya fara hutawa." Zuwa dare yarinyar ta rage kama nono, ta yi ta barci. Na ce gajiya ce take saukewa. Ban san cewa shirun nan ba sauƙi ba ne. Na yi ta kallon sa kwana biyu ina gode wa Allah.

Ranar da mai shago ya dawo na isa tun yana buɗe ƙofa. Na kwance tsumman na miƙa masa. Ya ɗaga kwalbar sama, ya matse ido ya karanta rubutun da ke jikinta, ya juya ta, ya sake karantawa.

"Wa za a yi wa?"

"Ɗiyata. Watanta biyar da rabi."

Ya ajiye ta kan tebur a hankali kamar ƙwai. "Malam, ni allurar zazzaɓi na sani, ta ƙarti masu ɗaukar siminti. Wannan ban taɓa ganin ta ba. An rubuta a ajiye ta cikin sanyi, ita kuma ga ta da ɗumi kamar an fito da ita daga hammata. Ina takardar likita?"

Na ce babu.

"To wallahi ko ɗiyar maƙiyina ce ba zan soka mata ba. Tana shan wani abu?"

Na fito da ƙwayoyin daga aljihu na ce tana sha, amma na tsayar shekaranjiya. Ya dubi ledar, ya dube ni. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Bar nan ka tafi gida yanzu. Kada ka tsaya gaisuwa a hanya."

A bakin ƙofa na tarar da matata. Ta riga ta sa hijabi, yarinyar na kafaɗarta. Yarinyar ta yi amai sau biyu tun fitata, zaburar ta dawo a jere har matata ta daina ƙirgawa, yanzu kuma ta saki jiki gaba ɗaya, kai na lilo, hannuwa sun yi sanyi. Matata ba ta tambaye ni yadda muka yi da mai shago ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni." Na ba ta ƙwayoyin. Ta wuce ni ta nufi titi, na bi ta a baya.

Taksin da ya tsaya a cike yake. Wani dattijo da ke gaba ya leƙa ya ga yarinyar, ya sauka ba tare da an roƙe shi ba, wani ma ya bi shi. Direban bai ƙara ɗaukar kowa ba har asibiti.

Suka karɓe ta da gudu. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allura a jijiya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Allurar da na yi ta nema mata ta samu, amma ba wadda na so ba, ba kuma ta hanyar da na so ba. Bayan kamar awa biyu likitar ta fito ta ce jinin ya fara hawa, yarinyar ta buɗe ido. Sannan ta ce in biyo ta.

Ranar awo ce, don haka mutumin Abalessa yana nan. Da na ajiye kwalaben biyu a kan teburinta, ta dube su, ba ta tambaye ni komai ba, ta aika a kira shi, don yaro ɗaya ne kaɗai take ba irin su a lokacin. Ya shigo ya ga kwalaben, ya ja rawani ya rufe har hanci. Da yake shi ke jin Larabci da Hausa duka, shi ta sa ya yi tafinta. Haka ya tsaya yana juya faɗan da ake yi mana mu biyu.

Ta yi magana da zafi. Ya juyo ya ce, "Ta ce ni jaki ne."

Na ce, "Haka ta ce?"

"Ba haka ta ce ba, ta fi haka ladabi. Amma in ka tace, abin da zai rage ke nan. Kai ma naka na zuwa."

Da ta huce sai ta jawo takarda ta zana ƙoda biyu, da wani ɗan abu a bisa kowace. Ta ce waɗannan 'yan abubuwan suna yin wani sinadari da jiki ba ya rayuwa sai da shi, su likitoci suna ce masa homon, kuma shi ne in ya yi yawa yake kwantar da irin wannan farfaɗiyar. Allurar ba ta ɗauke da shi. Saƙo take kai musu cewa su tashi su yi da yawa. Ƙwayar kuwa shi ne da kansa, an gama shi a waje an kawo. Hanya biyu, masauki ɗaya.

Ni da aikina na gane shi. Ko ka sa masu buga bulo su buga maka a wurin gini, ko mota ta kawo maka bugagge. In mota tana zuwa kullum, masu bugawa sai su ajiye kayan aiki su tafi. Ranar da ka tsayar da motar farat ɗaya, ba bulo, ba masu bugawa, gini ya tsaya. Abin da na yi wa ɗiyata ke nan. Shi ya sa ba a yanke ƙwayar, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har na cikin jiki su koma bakin aiki. Na faɗa wa mutumin haka, ya juya mata. Ta dube ni da kyau, karo na farko a ranar, ta ce haka ne.

Na ce ya tambaye ta wanne ya fi ƙarfi. Ta ce su kansu likitoci har yanzu suna gwada su gefe da gefe. Wani yaron wannan ke karɓar sa, wani wancan, kuma kowanne da wahalarsa: hawan jini, kumburi, saurin kama ciwo. Abin da ba su da saɓani a kai shi ne a fara da wuri, kuma kada a katse. Ranar da muka zo babu allurar a hannu, sai an aiko daga arewa, kwanaki kafin ta iso, ga ta tana son sanyi da mai yin ta a kan lokaci. Ƙwayar tana nan a ɗakin magani, ana iya farawa a ranar. Dalilin tambayar firigo ke nan. Ta ce kuma ɗan wannan mutumin ma da ƙwayar ya fara, mako biyu cur, da ba ta karɓe shi ba aka koma allura. Da ɗiyata ta cika nata kwanakin abin bai tsaya ba, ita ma hanyar da za a bi ke nan. Kwana uku suka rage.

Mutumin ya juya wannan da murya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Ɗanka ya sha ƙwayar?"

"Ya sha."

"Ka zauna ka ji ina ta maganar baƙo da ɗan ƙasa, ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na ga ba ta yi masa aiki ba, me zan faɗa a kanta? Ana ba da labarin rijiyar da ba ruwa?"

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, wadda ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce ya tambaye ta ko don ni baƙo ne. Ya ce, "Haba, Badamagare." Na ce ya tambaya. Ya tambaya. Ta rufe alƙalaminta. Ta ce da ɗiyar cikinta ce aka kawo a ranar nan, ƙwayar za ta ba ta kafin rana ta faɗi. Ta ce da na tambaye ta a lokacin, da ta nemo mai jin Hausa ya faɗa mini haka.

Kwalaben biyu aka zubar, don ba wanda zai iya cewa zafi bai lalata su ba. Yaron Abalessa aka cike masa da ƙwaya irin ta ɗiyata. Ita kuma ta yi kwana biyar a asibiti, aka sake ɗora ta a kan ƙwayar, zaburar ta tsaya cikin mako guda, aka yi ta ragewa har aka daina. Allurar ba ta taɓa bukatar ta ba. Matata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar ƙwayoyin a bakin zanenta suke a ƙulle, kuma har aka gama ban sake riƙe su ba.

Yanzu yarinyar tana shekara bakwai. Ta yi tafiya a makare, magana ma a makare, a lekkol, makarantar boko ke nan, tana bayan sa'o'inta, amma tana zuwa da ƙafarta tana dawowa, kuma dariya kam har ta yi yawa. Na taɓa tambayar likitar ko kwana biyun nan ne suka ja mata wannan jinkirin. Ta ce ciwon kansa yana barin haka ga yara da yawa ko an yi komai daidai, ba wanda zai iya ware nawa ne na ciwo nawa ne nawa. Ban samu hukunci ba, ban samu wankewa ba. Da haka nake zaune.

Abin da na koya ba wai babu wulaƙanci a garin mutane ba ne. Akwai, na sha shi, ina kan sha. Amma wanda aka saba tsallakewa a layi yakan kai inda ko an miƙo masa abin kirki sai ya ga ragowa ce, kuma ba ya tambaya, don ya riga ya ba kansa amsa. Ni sunkuyar da kai na ɗauka haƙuri ne, ashe a ƙarƙashinsa zargi nake tarawa, kuma da zargin ya nuna ba a kaina ya faɗi ba, a kan jinjira ya faɗi. In ran wani yana hannunka, ba ka da ikon yin shiru don tsoro ko don kunya. Ka buɗe baki ka ce don me wannan ba wancan ba, ko da Larabcinka na yashi da siminti ne, kuma kada ka tashi daga kujerar sai ka ji amsar da kunnenka.